Abin da Yayata Ta Gani a Cikin Kan Kafinta

Shekara ashirin da shida yayata ta yi tana ɗaukar hoton cikin jikin mutane a babban asibiti, kuma sau ɗaya tak aka taɓa zaunar da ita gaban kwamiti a matsayin mai laifi. Ta sha ce min in bar zancen. Na bar shi shekara huɗu, kuma ina ganin ya isa haka.

Mu biyar ne a gidanmu, ita ce babba, ni ne auta. Mahaifinmu mai gyaran agogo ne, yana da ɗan teburi mai murfin gilashi a bakin titi, kusa da inda motocin haya ke juyawa. Idan ƙusa ƙarama kamar ƙwayar yashi ta kuɓuce masa ta faɗi ƙasa, ba ya ko sunkuyawa, sai dai ya ce, "Ku kira min yayarku." Ta zo ta tsaya, ta ɗan karkata kai, ta sa yatsa ta ɗauko. Tun tana ƙarama ido ne da ita. Likita ta so zama, amma mahaifinmu ya rasu tana ajin ƙarshe na sakandare, ga mu huɗu a bayanta, karatun likita kuwa dogo ne. Sai ta shiga makarantar masu ɗaukar hoton asibiti, ta fito da wuri, ta kama aiki.

Da hoton ƙirji da na karaya ta fara, lokacin da ake wanke hoto da hannu a ɗaki mai duhu. Warin ruwan wankin nan yana biyo ta har gida, har mu kan toshe hanci don tsokana. Kowane sabon inji aka kawo, ita ce kan gaba wajen koyo. A asibitin ba a cika kiran ta da sunanta ba, Kar-a-motsa suke ce mata, don kalmar da take faɗa ke nan sau ɗari a rana. Ko a gida, in tana ɗaure wa yaro igiyar takalmi, abin da za ka ji ke nan. Mijinta direban motar ma'aikata ne, mutum mai barkwanci. Ya kan ce shi ko da wasa ba zai shiga injin matarsa ba, don kada a samu hujja a rubuce kan abin da take faɗa kullum, cewa babu komai a kansa.

Mahaifiyarmu ta gamu da shanyewar ɓarin jiki tun kafin asibitin ya mallaki injin hoton ƙwaƙwalwa. Likita ya ɗaga hannunta ya saki, ya ce mu je gida mu yi haƙuri. Shekara tara tana kwance, Yaya ce ke juya ta safe da yamma. Duk lokacin da muka tambaya ko za ta sake tafiya, babu wanda ya iya ce mana e ko a'a. Saboda haka da aka ce za a fara wani babban bincike a asibitinsu kan masu irin wannan ciwo, Yaya ta fi kowa murna. Za a ɗauki hoton ƙwaƙwalwar majinyaci a makon farko, a sake bayan wata uku, a sake bayan shekara, don a gano abin da ke cikin hoton da zai nuna wanda zai miƙe da wanda ba zai miƙe ba. Da injin ya iso, ita aka damƙa wa makullin ɗakin.

Na shiga ɗakin sau biyu. Sanyi ne da shi kamar cikin firji. Kafin ka isa ƙofar ciki sai ka ajiye makulli, agogo, ɗankunne, har fil ɗin ɗaurin kai, don injin yana fizgar ƙarfe. Majinyaci ya kwanta a wani siririn gado, a tura shi cikin rami, injin ya fara ƙara kamar ana dukan kwano da guduma. Yaya tana bayan gilashi, tana magana ta lasifika, hotunan suna fitowa a kwamfuta yanka-yanka kamar burodi.

Ga dokar binciken kamar yadda aka faɗa mata. Ana cire sunan majinyaci a sa lamba. Ƙarshen kowane wata a tura hotunan zuwa wata cibiya a can nesa, inda masana za su auna su idan an gama tarawa. Kowane majinyaci yana sa hannu a takarda mai shafi huɗu da ƙananan haruffa, kuma a tsakiyar shafi na uku akwai layi ɗaya da ya ce hotunan na bincike ne, ba na magani ba. Ni malamin makaranta ne, na karanta takardar nan sau biyu kafin na gano layin. To ina ga tsohon da rabin fuskarsa ya karkace, 'yarsa na riƙe masa biro? Wane ne zai kwanta minti arba'in a cikin rami ana buga masa guduma a kunne, ya kawo a ransa cewa babu likitan da zai dubi abin da aka ɗauka?

Akwai kuma dokar sana'arta, wadda ta girmi binciken. Mai ɗaukar hoto ba ya fassara hoto. Ko me ta gani, in majinyaci ya ce, "Me kika gani?" amsarta ɗaya ce: "Likita zai yi maka bayani." Shekara ashirin da biyu tana faɗin haka da zuciya ɗaya, don ta san gaskiya ne.

A shekara ta biyu ta binciken aka kawo wani kafinta, lamba ɗari biyu da sha huɗu. Dattijo ne ɗan shekara sittin da wani abu, ɓarinsa na hagu ya yi rauni, amma bakinsa lafiya lau. Ana tura shi a keke ya sa hannun dama ya shafa ƙyauren ɗakin jira, ya ce wanda ya kafa shi ya cuci asibiti. 'Yarsa ce ke kawo shi, tela ce, kullum da tef ɗin awo a wuyanta saboda sauri. A hoton farko Yaya ta ga tabon ciwon a gefen dama, inda ake tsammani. Amma can ƙasa, bayan idon hagu, ta ga wani ɗan abu kamar ƙwayar wake da ba shi da dalilin zama a wurin. Ta kira ƙaramin likitan da ke kula da takardun binciken ta nuna masa.

"Na gani, Anti," in ji shi. "Zan rubuta."

Bayan wata uku kafinta ya dawo yana dogara sanda, abin da ya kamata a yi murna da shi. Sai dai 'yar ta ce yana tashi da ciwon kai kowace safiya, kuma yana yawan cin karo da kujera a gefen hagu. Da hoton ya fito, ƙwayar waken nan ta zama kamar ƙwan tantabara.

Yaya ta sake kiran ƙaramin likita. Ya duba, ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Likita, wannan ƙari ne, kuma girma yake yi."

"Anti, ni ba zan ce ƙari ne ba. Cibiya ce ke karanta hotuna."

"Yaushe za su karanta?"

"In an gama tarawa."

"Saura wata sha huɗu ke nan. Ka dubi inda ya kwanta. Jijiyar idonsa yake dannewa."

"Zan sanar da Farfesa."

Farfesa shi ne shugaban binciken, kuma a makon nan ya yi tafiya taro. Yaya ta rubuta takarda ta kai ofishinsa, ta sa sakatariya ta buga mata hatimi a kwafinta. Mako biyu shiru. Ta rubuta ta biyu. Shiru. Rannan ta hango shi yana saukowa daga bene da baƙi biyu a bayansa, ta tare shi a ƙasan matakala.

"Ranka ya daɗe, maganar lamba ɗari biyu da sha huɗu ce."

"Na ga takardunki. Malama, ke likita ce?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To. Idan kowa zai riƙa buɗe lamba yana bin majinyaci da abin da yake zaton ya gani, binciken ya lalace ke nan. Hotunan nan ma ba namu ba ne, na cibiya ne."

"Hoton ba namu ba ne, ranka ya daɗe, amma kan nasa ne."

Ta ce baƙin sun yi ɗan murmushi, suna zaton raha ake yi. Farfesa ya ce za a duba, ya wuce da su don ya nuna musu injin.

Mako bakwai ta yi a haka. Ta rame. Mijinta ya kira ni ya ce in zo in ga yayata, ta daina yi masa faɗa, shi kuma abin ya fara ba shi tsoro. Na je na same ta tana ninke kayan wanki, tana ninke riga ɗaya tana warwarewa. Ba ta faɗa min sunan kowa ba. Ta dai ce, "Auta, in ka ga abu, aka ce ba aikinka ba ne ka gani, yaya za ka yi?" Na ba ta amsar da ba ta da amfani, na ce ta bi ta hanyar da ta dace. Har yau ina jin kunyar wannan amsa.

Abin da ya tsinke igiyar ya faru ne wata Talata da hantsi. Ta bi ta gaban ɗakin motsa jiki, sai ta ji murya tana tashi. Telar ce tsaye a kan mahaifinta, shi kuma yana zaune a benci, sanda tsakanin ƙafafunsa.

"Baba, sau biyu aka saka ka a injin nan. Da akwai wani abu da an faɗa mana. Kai ne dai ba ka son motsa jiki. Na rufe shago na kawo ka, ka ce kanka na ciwo. Kullum kai, kullum kai."

Tsohon yana ta murza idonsa na hagu da bayan hannu. Da ya ga Yaya sai ya yi ƙoƙarin gyara zama, ya ce, "Ga mai hoto nan, tambaye ta. Ai lafiya kika gani, ko 'yata?"

Yaya ta ce bakinta ya buɗe da kansa zai ce likita zai yi bayani, sai kalmar ta maƙale. Wane likita? Ta ce musu kada su tafi, su jira ta a nan. Ta koma ɗakinta, ta kwafe hotunan biyu a faifai, ta hau bene na uku wurin likitan tiyatar ƙwaƙwalwa, wani tsoho mai ƙarancin magana da suka yi shekaru suna gaisawa a hanya. Ya sa faifan, ya duba bai fi minti biyu ba.

"Na farkon yaushe aka ɗauka?"

"Wata biyar ke nan, saura kaɗan."

"Wa ya gani?"

"Ni."

"Bayan ke?"

Ya dube ta ta saman tabarau, bai jira amsa ba.

"Ina mutumin?"

"Yana ƙasa a benci."

"Hawo min da shi."

Bayan kwana tara aka yi wa kafinta aiki. An cire ƙarin, kuma Allah ya sa ba irin mai yaɗuwa ba ne. Ciwon kai ya tafi. Idon hagu dai bai dawo ba. Tsohon likitan ya ce wa Yaya, su biyu kawai a bakin lif, na'urar hawa bene, da an kawo shi wata biyu baya da jijiyar ta tsira. Telar kuwa ta zo ɗakin hoto ta zauna a ƙasa tana kuka, ba don idon ba, sai don faɗan da ta yi ta yi wa mahaifinta. Yaya ta ɗaga ta ta ce ba laifinta ba ne, abin da aka bar ta ta zata ke nan.

Mai hankali zai ce daga nan sai a kira Yaya a yi mata godiya, ko a yi shiru a gyara a ɓoye. Takardar tuhuma aka aiko mata. Laifi uku: ta fitar da bayanan bincike ba da izini ba, ta fassara hoto alhali ba matsayinta ba ne, kuma ta jawo asarar ɗan bincike ɗaya, tunda an cire kafinta daga lissafi saboda ciwonsa ya gauraya da wani. Asara suka rubuta. Mutumin yana raye a ɗaki na shida yana shan shayi da hannunsa, su kuma a takardarsu an yi asararsa.

Ni na kai ta ranar zaman kwamiti, na zauna a bencin waje. Ƙofar ba ta rufuwa da kyau, don haka na ji rabin abin da aka yi, ta cike min sauran a mota. Mutum biyar ne a bayan teburi, ita kaɗai a kujerar roba. Aka tambayi ƙaramin likita ko ta taɓa nuna masa wani abu. Ya ce hotuna da yawa suke wucewa ta gabansa, ba zai iya tunawa ba. Wannan yaron, Yaya ce ta koya masa yadda ake bambanta hagu da dama a hoto lokacin yana ɗalibi. Aka ce an bincika ofishin Farfesa ba a ga wata takarda daga gare ta ba. Ta buɗe jaka ta ajiye kwafi biyu masu hatimi da kwanan wata. Shugaban kwamitin ya ɗauka da yatsu biyu, ya duba, ya ture gefe.

"Ba wannan muke tattaunawa ba, Malama. Tambayar ita ce, kin ɗauki faifan ko ba ki ɗauka ba?"

"Na ɗauka."

"Kin san doka ta hana?"

"Na sani."

"To kin yarda kin yi kuskure?"

"Na yi kuskure. Ranar da na ga hoto na biyu ya kamata in hau benen nan. Sai na tsaya rubuta takarda."

Wani daga cikinsu ya ce a rubuta cewa ba ta nuna nadama ba.

Tsohon likitan tiyata bai zo ba. Ya aiko da layi biyu cewa aikin da ya yi ya zama dole. Abin da ya faɗa mata a bakin lif bai shiga ciki ba. Na san ya ceci mutum, kuma ina girmama shi a kan haka, amma layi na uku ba zai karya masa biro ba.

Hukuncin shi ne gargaɗi mai tsanani da sauyin wurin aiki. Aka karɓe makullin ɗakin injin, aka tura ta ma'ajiyar tsofaffin hotuna, wani dogon ɗaki a bayan wurin wanki, mai taga ɗaya a sama da fanka mai kuka. Matar da ta fi kowa iya sarrafa injin a duk ginin, aka sa ta gadin ambulan masu ƙura.

A mota na yi ta faɗa, na ce mu je jarida, mu je kotu. Ta ce, "Auta, dubi hanya. Ka kusa taka mai keke."

Ba a yi wata biyu ba sai gaskiyar da ta fi ƙona min rai ta fito. Da aka cire kafinta, dole aka rubuta wa cibiya dalili. Cibiyar ta maido da tambaya: yaya aka yi ƙari ya yi wata biyar ba a gani ba, bayan tsarin binciken ya ce likitan asibitin zai duba kowane hoto cikin mako guda kafin a turo? Ashe haka yake a rubuce tun farko. Likitan da aka ɗora wa aikin ya bar asibitin wata uku da farawa, Farfesa kuma bai naɗa wani ba, bai kuma faɗa wa kowa ba. Su can a cibiya suna auna tabon ciwo ne kawai, suna zaton an riga an tace musu sauran. Nan kuma ana ce wa Yaya cibiya ce ke karantawa. Mutum ɗari uku da wani abu suka shiga ramin nan, kuma idon da ya tsaya a kan hotunansu da niyyar ganin lafiyarsu shi ne na matar da aka ce ba aikinta ba ne.

Cikin mako biyu aka zaunar da likitoci suka bi hotunan duka. Aikin mako biyu ne ashe. Aka samu mutum uku bayan kafinta. Biyu aka kira su aka fara musu magani. Ta ukun, wata mai shagon littattafai, lamba tamanin da takwas, ta riga ta rasu wata shida baya.

Sakatariyar ce ta sauko ma'ajiya ta faɗa wa Yaya wannan, tana waige-waige. Babu wanda ya kira Yaya ofis. Gargaɗin yana nan a fayil ɗinta, ba a cire ba. Da mijinta ya je ya tambaya, aka ce masa wancan batu daban, wannan daban. Bayan shekara guda na buɗe jarida na ga Farfesa tsaye gaban injin, hannu a ƙirji, yana bayanin sabon tsarin da ya ce ya ɓullo da shi, na duba kowane hoto cikin kwana bakwai don kare majinyata. Da sakamakon binciken ya fito, ɗan Yaya na fari ya samo min shi. A shafin godiya an gode wa mutum goma sha tara, har da kamfanin da ke gyara na'urar sanyaya ɗaki. Na bi da yatsa sau uku. Wadda ta ɗauki sama da rabin hotunan ba ta ciki.

Kada a fahimce ni ba daidai ba. Binciken ya yi amfani. Yanzu in aka kawo mai shanyewar jiki, likita yana iya duba hoto ya gaya wa iyalinsa abin da za su sa rai da shi, kuma Yaya ce ta fara faɗa min haka, da alfahari ma. Ba da injin nake fushi ba. Da mutanen da suka ga ya fi musu sauƙi su hukunta mai gani a kan su ce sun yi sakaci nake.

Shekara uku da rabi ta yi a ma'ajiyar. Ta jera hotunan shekara arba'in bi da bi, har ma'aikata suka fara mamakin yadda ake samun tsohon hoto cikin minti biyar. Sababbin masu ɗaukar hoto kan sulalo su sauko wurinta da waya a hannu, su ce, "Anti, dubi wannan, ni ne ban ɗauka daidai ba ko wani abu ne?" Ta duba, ta ce su kai wa likita yau, kuma su tsaya a kansa har ya duba. Kafinta ma ya zo, da ido ɗaya da hannu ɗaya mai ƙarfi, 'yarsa na ɗauke da katako. Ya ce teburin da aka ba ta abin kunya ne, ya kafa mata kanta a bango. Kantar ta ɗan karkata. Ya ja baya ya dube ta, ya ce ginin ne ba daidai ba.

Ta yi ritaya a watan da ya kamata, ba ta rage ko kwana ɗaya ba. Mako uku bayan haka ta kira ni da safe ta ce in zo da mota. Ta ba ni adireshi a 'yar takarda, wani layi a bayan gidan waya. A hanya ta ce min gidan mai shagon littattafai za mu.

"Ni na ɗauki hotonta, Auta, sau biyu. Na koma na duba hotunan bayan an faɗa min. Abin yana nan. Ban gan shi ba."

"Yaya, ke ba likita ba ce."

"Kai ma ka koyi maganarsu?"

Na mai da hankali ga tuƙi har muka isa.

Mijin marigayiyar tsohon ma'aikacin gidan waya ne, siriri, yana zaune a falo da kwalayen littattafai jingine a bango, shagon ya rufe. Asibiti bai taɓa gaya masa komai ba. Yaya ta gaya masa duka, daga farko, ba ta tsallake nata ba. Ya saurara yana juya murfin biro a hannu.

"Da an gani, da ta rayu?"

"Ban sani ba, Malam. Nata irin mai saurin yaɗuwa ne. Wataƙila da ta ƙara watanni. Amma da kun san abin da ke damun ta."

Sai ya ce a watanninta na ƙarshe ta kan bar famfo a buɗe, ta kan kira shi da sunan ƙaninta, ta kan ba mai saye littafin da bai tambaya ba. Shi kuma ya ɗauka sakaci ne ya shige ta tun da ta samu sauƙi, har ya yi kwana biyu ba ya yi mata magana a kan famfon nan. Ya ajiye murfin biron.

"Wa ake rubuta wa ƙorafi?"

Yaya ta faɗa masa ofisoshi uku, ta ce ya riƙa yin kwafi, kuma kada ya baro wurin sai an buga masa hatimi. Ta ce in aka nemi shaida ya ba da sunanta da lambar wayarta.

Wata takwas ke nan. Ni nake buga masa takardun a kwamfutar makaranta, don rubutunsa ya fara rawa. Ta farko ba a amsa ba. Ta biyu aka ce an miƙa ga sashen da abin ya shafa. A ta uku ya ce in cire duk wata kalmar roƙo, in bar tambaya ɗaya: wane ne ya kamata ya dubi hoton matarsa, kuma me ya hana? An ba shi ranar Litinin ƙarfe goma ya zo ya ga mataimakin shugaban asibiti. Ya ce ba ya son ya shiga shi kaɗai. Yaya ta riga ta goge rigar da za ta sa, ni kuma na nemi wani malami ya riƙe min ajina.